Marubutanmu, Ku Sauke Gilashin Motar Nan!

Yau faɗa na zo yi, kuma da mutanen gidanmu zan yi shi, wato mu marubuta. Wanda duk ya ji zafi ya yi haƙuri, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Ga ƙarar da na kawo gabanku. Ku shiga kasuwar Sabon Gari nan Zariya wajen 'yan tsirarun masu sayar da littattafan da suka rage, ko ku buɗe wayoyinku inda akasarin labaran suka koma yanzu, ku zaɓi littattafai goma duk waɗanda ranku ya so. Da wuya ku sami wanda ba a yi tafiya a cikinsa ba. Ana kai amarya Jos, saurayi yana tafiya bautar ƙasa Taraba, Alhaji yana zuwa Abuja neman kwangila, yarinya tana guduwa wajen kakarta a Gusau saboda auren dole. To ku duba yadda muke rubuta tafiyar. Layi ɗaya ne tak: sun shiga mota, sun ɗauki hanya, ba su zame ko'ina ba sai ƙofar gidan. Ita motar kuwa shafi guda za a ba ta, a faɗi sunanta da launinta da kuɗinta da ƙamshin turaren da ke tashi a ciki. Leshin da jarumar ta ɗaura ya ci shafi biyu. Amma ƙasar Allah da suka yi awa huɗu suna ratsawa, da duwatsunta da rafukanta da mutanen da ke zaune a gindinsu, ko ambato ba ta samu ba. Gilashin motar baƙi ne, kuma a rufe yake tun daga tashi har sauka.

Wuri ɗaya dutsen ƙasar nan ke samun shiga littattafanmu, shi ne ranar da uwargida za ta je wajen boka don a nakasa mata kishiya. Ranar ce za ka ji an ajiye mota an taka da ƙafa, an hau wani baƙin dutse mai ban tsoro da ba shi da suna, ba a kuma san a wace jiha yake ba, an shiga kogo an tarar da ƙato mai jajayen idanu. Shekara da shekaru muna koya wa masu karatu cewa dutse mazaunin tsafi ne kawai.

Ba wai kuma ba mu son tsaunuka ba ne. Muna so ƙwarai, in dai na wasu ne. Da an ɗaura aure sai ka ga an ɗaga ango da amarya an kai su Suwizalan, suna jifan juna da ƙanƙara a kan tsauni, alhali mai rubutun bai taɓa wuce Kwanar Ɗangora ba. Kowa ya san inda muka samo wannan hoton: finafinan Indiya ne da muka taso muna kallo, daga silimun Sabon Gari har zuwa zamanin kaset. Abin dariyar shi ne su ma Indiyawan aro suka yi. Da can Kashmir suka fi zuwa ɗaukar waƙoƙinsu, da rikici ya ɓarke a can daga 1989 sai suka ƙara karkata Turai. Yash Chopra shi ya fi kowa shahara da wannan, kuma fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge da kamfaninsa ya fitar a 1995 ya sa Indiyawa suka riƙa tururuwa zuwa ganin wuraren da aka ɗauke shi, har mutanen garin Interlaken suka kafa masa mutum-mutumi a 2016 don godiya. Ashe labari yana iya sa duniya ta san wuri. Mu kuwa aron aro muke yi, muna yi wa ƙasar da ba ta san da zamanmu ba talla kyauta. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Bari in fara da wanda ke ƙofar gidanmu. Duk mai zaune a Samaru, in ya sami fili ya dubi kudu, zai hango Kufena a durƙushe kamar giwa. Wanda ya taso daga Kaduna kuwa, da ya kusa Zariya zai gan shi ta hannun hagu, kuma duk Bazazzagi ya san da ya hango shi an iso gida. Tarihin da muka gada ya ce a zamanin Bakwa Turunku, wajen 1536, aka taso da cibiyar mulkin Zazzau daga Turunku zuwa gindin Kufena, kuma daga wannan gidan ne Sarauniya Amina ta fito. Har yau akwai ragowar tsohuwar ganuwa a kewayensa, wadda wani Bature masanin tarihi, John Sutton, ya bi ya yi nazarinta lokacin da yake Jami'ar Ahmadu Bello cikin shekarun 1970. A gindinsa Wusasa take, inda 'yan mishan suka koma a 1929 bayan sun fito daga cikin birni, suka gina coci da asibiti da makaranta, inda kuma Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa. Dutse ɗaya ke nan, ga sarauta, ga yaƙi, ga addini biyu suna maƙwabtaka a ƙarƙashinsa. Littafi nawa kuka karanta wanda saurayi da budurwarsa suka tsaya suka ko dube shi?

Yanzu mu hau hanyar Jos, wadda ita ce jarumanmu suka fi bi da ido a rufe. Ka bar Zariya ta Dakace, ka bi Maigana da Soba, ƙasa shimfiɗe, gonaki iyakar ganinka, ga kaɗanya ga ɗorawa tsilli-tsilli. Daga wajen Dutsen Wai sai duwatsu su fara leƙowa ɗai-ɗai, kamar masu tambayar wa ke zuwa. Ka wuce Pambeguwa ka shiga ƙasar Saminaka, matattarar masara, a nan za ka ga sun daina zuwa ɗai-ɗai sun jeru, shuɗi-shuɗi can nesa, har mutum ya rasa tantance dutse ne ko hadari. In damina ce, kowane tsagi na jikinsu ya fitar da ciyawa, ruwa yana tsiyaya a kan fa yana ƙyalli kamar an shafa mai. Da an wuce Jengre mota ta fara nishi. Kunnenka ya toshe, ka haɗiyi yawu ya buɗe. Iskar da ke shigowa ta taga ta sauya, mai jego ta jawo zane ta rufe jaririnta. Zariya tana kan tudun da ya ɗara mita 600 sama da teku, Jos kuwa wajen mita 1,200, wato ka ninka tsayinka ba ka sani ba, jikinka ne ke gaya maka. Sai ga duwatsun Filato, waɗanda ba su yi kama da namu ba: manyan ƙwallaye ne a ɗore kan juna, ƙaramin a ƙasa babban a sama, kai ka ce yaro in ya tura da yatsa za su gangaro, alhali sun fi kakan kakanka daɗewa a haka. Ga shingayen ƙerana kewaye da gidaje, ga gonakin acca da dankalin turawa, ga tafkunan da haƙar kuza ta bari, ruwansu kore shar, shiru, mai zurfin gaske.

Wannan hanyar kuma tana da tarihin da ya shafi Sabon Gari kai tsaye. Daga tashar jirgin ƙasa ta Zariya Turawa suka ja wani siririn layin dogo, ya bi ta Rahama ya hau Filato, ya isa Jos da Bukur a 1914, don kwaso kuza. Sai a 1957 aka rufe shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, tsakanin 1942 da 1944, an kwashi dubban talakawan Arewa aka kai su aikin tilas a ramukan kuza, mutanen da suka saba da zafin ƙasar Hausa aka jefa su cikin sanyin Filato ba isasshen abinci ba mayafi, da yawa ba su komo ba. Ku gaya mini, wannan bai isa littafi ba? Saurayi an ɗauke shi saura mako biyu bikinsa, yana kallon duwatsun nan suna matsowa bai san ko zai sake ganin rimayen Zariya ba. Wace ƙanƙarar Turai ce za ta sa mai karatu hawaye kamar wannan?

Hanyar Gusau ma ta tsakiyar Samaru ta ratsa, ta gaban ƙofar jami'a. Shika, Giwa, Funtuwa, 'Yankara, Tsafe, sai Kwatarkwashi, inda dutse ya tsaya a kan gari kamar uba a kan 'ya'yansa, garin da ya shahara a da da bikin kamun maiki, samari suna hawa ƙololuwa don nuna jarunta. Ta kudu kuma ga Zuma a bakin hanyar Abuja, wanda ya yi sama kusan mita 300 a miƙe, har aka buga hotonsa a bayan takardar naira 100 da ta fito a 1999. Mutanen Zazzau suna da alaƙa da shi fiye da yadda yaranmu suka sani, domin can yankin Sarki Makau ya nufa da jama'arsa da jihadi ya fitar da su daga Zariya, ɗan'uwansa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja na asali a 1828, wanda yau ake kira Suleja. Jarumanmu kullum suna wuce shi a kan hanyar zuwa karɓo kwangila, suna latsa waya.

Amma duk wanda yake son ya san abin da ake kira hawa, to ya je Mambila. Na bi wannan hanyar, kuma ban ga abin da zan kwatanta ta da shi ba. Daga Jalingo ka bi Bali ka isa Serti cikin zafi mai narka mutum. Daga Mayo Selbe sai ka ga bango ya tare gabanka, ka tambayi kanka ta ina mota za ta bi. Ta jikinsa za ta bi, tana nannaɗe shi kamar rawani. Direba ya kashe rediyo ya sa giya ta ɗaya. Masu gardamar siyasa tun daga tasha suka yi tsit, sai salati ƙasa-ƙasa, Musulmi da Kirista kowa yana kiran Ubangiji da harshensa. Ta hannu ɗaya dutse, ta ɗayan kwazazzabon da ba ka ganin ƙarshensa, sai kan itatuwa can ƙasa kamar ganyen alayyafo. Ka sha kwana ka ce ita ce ta ƙarshe, sai ga wata. Wuraren ma sunayensu kaɗai labari ne: Hawan Biyu da Sisi, Kwanar Duram, Tungar Ahmadu, kowanne direbobi suna da hikayar yadda ya samo sunansa. Ga manyan motoci a gefen hanya sun ɗauki zafi, karen mota ya tokare taya da guntun katako yana ɗura ruwa. Can sai ka ga hazo ya taso ya lulluɓe hanya, ka duba da kyau ka gane ashe gajimare ne, kai ne ka hau ka same shi a gidansa.

Da ka ƙarasa sama wajen Maisamari sai duniya ta buɗe. Tuddai ne kore luf-luf suna bin juna kamar raƙuman ruwa, ba ƙaya ba sauro mai yawa, shanu jajaye masu dogayen ƙaho sun bazu, ga gonakin shayi a Kakara a jere kamar an yi musu kitso, ga Nguroje, ga Gembu. Tsayin wurin ya kai wajen mita 1,600, kuma a wannan yankin ne Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya, mita 2,419. Ƙasar nan da ƙuri'a ta shigo Nijeriya, a zaɓen raba-gardama na 1961, shi ya sa ƙaramar hukumar ke ɗauke da sunan Sardauna. Ba aljanna ba ce, kada a ce na yi mata kwalliya: an zubar da jini a can a rikicin manoma da makiyaya na 2017, kuma madatsar ruwan lantarkin da ake ta yi musu alkawari shekaru aru-aru tana nan a bakin 'yan siyasa. Kyau da ciwo a wuri ɗaya, ai shi ne abincin marubuci.

Na san amsar da za a ba ni, don na sha jin ta. Wata abokiyar sana'a ta ce mini, "Haba, masu karatunmu soyayya suke so, in ka tsaya bayanin dutse tsallakewa za su yi." To me ya sa ba su tsallake jerin kayan lefe, akwati goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya? Mai karatu yana tsallake abin da aka rubuta ba rai ne. Kuma wa ya ce hanya kishiyar soyayya ce? Ɗauki miji da mata da suka kwana uku ba su magana, ka sa su a kujerar baya a Hawan Biyu da Sisi, mota ta ja da baya taku ɗaya. Hannun wa ta kama? Shi kuma da bakinsa ya buɗe, sunan wa ya kira, nata ko na amaryar da ya baro a gida? Ka gama tona asirin zuciyarsu ba tare da wasiƙa mai shafi uku ba. Ko ka saukar da su ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, tirela a bayansu tana ta hon birki ya ƙi, mu ga jarumin nan mai faɗin ƙirji da muka sha yabo ko namiji ne.

Magabatanmu a wannan sana'a ba su ji kunyar hanya ba. A nan Zariya aka shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma dukkansu tafiya ce ƙashin bayansu. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba zai manta da ƙetare hamada ba, ko da ya manta sunayen mutanen ciki. Abubakar Imam da ya je Ingila a 1943 bai dawo ya yi shiru ba, littafi ya rubuta, Tafiya Mabuɗin Ilmi. Abin takaici, in kana neman cikakken bayanin yadda ƙasarmu take a ido, sau da yawa sai ka koma ga baƙi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya ratso duwatsun Azbin a 1850, ya iso Kano a 1851, ya hau Dala ya zana birnin daga sama. Mutum ya taso daga wata uwa duniya a kan raƙumi ya ga abin rubutawa, mu da aka binne cibiyarmu a gindin dutsen mun ce babu komai. Malaman jami'a ma ba su fita ba. Ni iyakata sakandare, amma maƙwabcin jami'a ne ni, na san an yi bincike mai yawa a kan waɗannan wurare, yana nan jibge cikin Turanci a ɗakunan karatu. Sun fi kowa iya kiranmu 'yan adabin kasuwa, to su fito mana da shi cikin Hausa mana, su ga ko ba za mu kai shi kasuwar ba.

Akwai kuma masu cewa duwatsun nan wuraren iskoki ne da tsafin Maguzawa, bai kamata Musulmi ya riƙa ɗaukaka su ba. Wannan magana ba ta da ƙafa. An yi tsafi a Dala da Kufena da Kwatarkwashi, gaskiya ne, tarihi ne, faɗinsa kuma ba bauta ba ne. Amma wanda ya halicci dutsen ya riga mai tsafin. Ku buɗe Suratul Gashiya ku ga ko ba a lissafa duwatsu cikin abubuwan da aka umarci mutum ya duba ya yi tunani ba. A kogon Hira wahayi ya fara sauka, a kogon Saur aka ɓuya ranar hijira, kuma alhazanmu har kuɗin mota suke biya a kai su Uhudu. Wanda ya kalli Zuma ya ce Allahu Akbar, da wanda ya mai da kowane dutse gidan boka a littafinsa, wa ya fi kusa da koyarwar addini?

Hujja ɗaya ce nake sunkuyar wa da kai, ita ce ta tsaro. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta zama abin da ta zama, mutane suna shiga mota da addu'a suna sauka da hamdala. Hanyar Kaduna zuwa Abuja ta yi shekarun da masu hali suka ƙaurace mata suka koma jirgin ƙasa, shi ma aka tare shi ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe na kashewa aka kwashi na kwasa, waɗanda suka rage a hannu ba su fito ba sai cikin Oktoba. Ba zan ce wa kowa ya jefa ransa cikin halaka don ya rubuta shafi biyu ba. Sai dai ku lura da abin da wannan bala'i ya yi mana a zuci. Da can fasinja in ya hango dutse cewa yake Subhanallah, yanzu lissafi yake ko mutum nawa ke laɓe a bayansa. Akwai yaran da suka tasa a Samaru, iyayensu 'yan Zamfara, ba su taɓa ganin Kwatarkwashi ba don an daina kai su gida. Wanda ya bi hanyoyin nan lokacin da ake tsayawa a sayi rake a yi salla a gindin dutse ba fargaba, bashi ne a kansa ya rubuta yadda suke. Wanda kuma yake bin su yau da zuciya a hannu, shi ma ya rubuta wannan, don ita ce tafiyar da masu karatunmu ke yi da gaske, su da ba su da baƙin gilashi.

Ga kuma masu fasa dutse da nakiya suna cin wasu ta gefe, tifa-tifa ana kai wa masu gini, Dala kuwa gidaje sun shaƙe shi har wuya. Kalmomin ma tafiya suke. Ku tambayi ɗan sakandare bambancin tsauni da tudu da jigawa, ko mene ne fa, ko wace dabba ce rema, ku ji abin da zai ce. Kalmar da marubuta suka daina amfani da ita, wa zai riƙe ta?

Ban ce kowa ya nemi kuɗin motar Gembu ba. Daga Samaru ka hau bas zuwa Kwangila, daga nan ka sami mai kai ka Wusasa, kuɗin bai kai na datar da muke ƙonawa a kwana biyu ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku fara gaida mutanen unguwar ku tambaye su halin da wurin ke ciki da kuma ta inda ake hawa, in sun ce kada a hau yau to a haƙura. Watan Agusta ya fi, lokacin da ko'ina ya yi kore, ana hango birni da Tudun Wada da Sabon Gari da benayen jami'a duk a tafin hannu. Ku tafi da ruwan sha da biro da takarda, a bar takalmi mai tsini a gida, kuma kada a hau da an ɗauke ruwan sama nan take, santsi gare shi.

Daga Samaru, Zariya.